Gado da Karan Sigari: Abin da Mashayan Mubi Suke Bin Mu Bashi

Idan magidanci a Mubi ya rantse ya bar sigari, bayan mako biyu kuma aka gan shi gaban mai tebur yana miƙa kuɗin kara ɗaya, hukunci iri biyu ne ke jiransa. Wasu za su ce ba shi da niyya, da ya so da ya bari kamar yadda wane ya jefar da kwalinsa rana ɗaya bai sake waiwaya ba. Wasu kuma, sau da yawa danginsa ko shi kansa, za su ce abin a jini yake: ubansa ya sha, kakansa da lofe ya tsufa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowace magana cikin biyun tana da guntun gaskiya, kuma duka biyun wuri ɗaya suke kaiwa, wato a kaɗe hannu a bar mutumin da tabarsa. Ni ra'ayina shi ne binciken da aka tara a kan ƙwayoyin gado ya isa ya sa mu daina kallon wanda ya kasa bari a matsayin marar hali, mu fara ba shi magani kamar kowane majinyaci. Wannan binciken dai shi ne kuma ya nuna cewa gado ba ya kama kowa sai an fara miƙa wa yaro kara na farko, kuma wannan miƙawar a hannunmu take.

Hujja mafi tsufa daga tagwaye ta fito. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan duk ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suka haɗa, kamar sauran 'yan uwa. Da aka bi dubban tagwaye a Suwidin da Finlan da Amurka da Ostireliya, sai aka ga na ƙwai ɗaya sun fi kama da juna wajen yawan taba da suke sha da kuma wahalar da suke sha in sun zo bari. Ƙididdigar da ta fi yawan fitowa ita ce kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a kan tsananin kamuwa da nikotin daga gado yake. Dole a fahimci wannan jumla yadda take. Ba ana nufin rabin jarabar mutum ɗaya daga ubansa ta zo ba. Ana nufin idan ka tara mashaya da yawa ka tambaya me ya sa wannan ba ya iya karin kumallo sai ya kunna sigari, wancan kuma sai ya yi kwana uku bai tuna ba, to kusan rabin amsar tana cikin abin da aka haife su da shi. Mutanen Adamawa sun san gado ta hanyar sikila, sun san AA da AS da SS, sun san gwajin jini kafin aure. Amma sikila ƙwayar gado ɗaya ce mai yanke hukunci. Lamarin taba ba haka yake ba. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Nature a 2022, wanda ya haɗa bayanan mutum miliyan 3.4, ya gano bambance-bambancen gado sama da 3,000 masu alaƙa da shan taba da giya, kuma kowannensu tasirinsa ɗan ƙanƙani ne.

Biyu daga ciki sun fi sauran nauyi, kuma sanin yadda suke aiki yana sauya yadda mutum zai kalli mashayi. Hayaƙin sigari yana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yana manne wa wasu ƙofofi da ke jikin jijiyoyi, ya sa a saki sinadarin dofamin, wanda ke koya wa jiki cewa abin nan da ka yi yanzu ka sake. A 2008 ƙungiyoyin bincike uku, har da kamfanin deCODE na ƙasar Aislan da cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa, suka nuna wuri ɗaya a kan kuromosom na 15, inda ƙwayar gado mai suna CHRNA5 da maƙwabtanta suke. Mai ɗauke da wani nau'i nata ya fi shan taba da yawa, ya fi jinkirin bari, ya fi haɗarin kansar huhu. Gwaji a kan ɓeraye a 2011 ya bayyana dalili: wannan ƙwaya tana cikin tsarin da ke sa jiki ya ji nikotin ya ishe shi, ya ji jiri da tashin zuciya. Ita ce birkin motar. Wanda birkinsa ke da ƙarfi, kara na farko ya sa shi amai ya gudu. Wanda nasa ya yi sanyi, sai ya wuce inda ɗan uwansa ya tsaya ba tare da ya ji komai ba.

Ta biyun a hanta take aiki. Sunanta CYP2A6, kuma ita ce ke narkar da kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nikotin da ya shiga jini. A jikin yawancin mutane, rabin nikotin yana gushewa cikin kimanin awa biyu. Amma akwai masu hanta mai sauri da masu hanta mai jinkiri, kuma wannan gado ne. Mai sauri, nikotin ɗinsa yana ƙarewa da wuri, ƙishin taba ya dawo masa da wuri, don haka ya fi yawan sha kuma ya fi shan azaba in ya daina. Mai jinkiri kara kaɗan ke riƙe shi, bari kuma ya fi zo masa da sauƙi. Nau'o'in jinkirin sun fi yawa a Japan da gabashin Asiya, kuma akwai su da dama a tsakanin masu asalin Afirka. To ashe mutum biyu da suka yi niyyar bari rana ɗaya a Lokuwa ko Kolere, da zuciya ɗaya da tsoron Allah ɗaya, ba lallai ba ne kaya ɗaya suka ɗauka. Wanda ya bari cikin sauƙi ya cancanci yabo, amma ba shi da hurumin auna ɗan uwansa da mudun kansa.

Na san abin da wasu malamai da fastoci da iyaye za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce: idan ka gaya wa mashayi cewa jikinsa ne, ka ba shi uzurin da yake nema. Amsar ita ce shekarun da aka kwashe ana zagi da gori ba su haifar da abin da ake so ba. Cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari da ƙarfin zuciya kaɗai, ba magani ba shawarar ma'aikacin lafiya, uku zuwa biyar ne ke kaiwa wata shida ko shekara ba su koma ba. Wannan adadi a ƙasashe masu arziki aka samo shi, inda ba a rasa gargaɗi ba. Wanda ya faɗi sau uku aka ce masa marar hali, abin da ya koya shi ne ɓoyewa. Ya sha a bayan gida, ya tauna goro ko alewa ya kashe wari, ya ce wa likita ba ya sha. Wanda aka gaya masa gaskiya, cewa rashin barci da saurin fushi da ciwon kai da yake ji alamun janyewar nikotin ne, sun fi tsanani a makon farko, kuma yawancinsu suna lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu, ya san abin da yake yaƙa da ranar da zai fara jin sauƙi. Mai hawan jinin da ya gada daga iyayensa ba a ce masa uzuri yake nema. Ana ce masa ya rage gishiri ya sha magani, kuma alhakin yin hakan yana wuyansa.

Sai dai masu cewa a jini yake su ma ba su tsira ba, kuma hujjar da ta fi karya su a gidajenmu take. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2012 kan manya ya nuna kashi 7.3 cikin 100 na maza suna shan taba mai hayaƙi, mata kuwa kashi 0.4. Waɗannan mata 'ya'yan iyaye ɗaya ne da mazan. Duk nau'in CHRNA5 ko CYP2A6 da ke jikin wa yana iya kasancewa a jikin ƙanwarsa. Abin da ya raba su shi ne al'ada ba ta yarda mace ta riƙe sigari ba, don haka gadon da ke jikinta bai taɓa samun abin da zai kama ba. An ga haka ƙarara a tagwayen Suwidin, a binciken da Kenneth Kendler da abokansa suka buga a 2000. Matan da aka haifa a farkon ƙarni na 20, lokacin da shan taba abin kunya ne ga mace, kusan ba a ga tasirin gado a kansu ba. Waɗanda aka haifa bayan 1940, da aka saki linzami, tasirin gadonsu ya kamo na maza. A Amurka kashi 42 cikin 100 na manya ne ke shan sigari a 1965, yanzu bai kai 12 ba. Jinin Amurkawa bai sauya cikin shekara 60 ba. Farashi ne ya sauya, da talla, da doka, da wuraren da aka yarda a kunna.

Akwai kuma dalilin tarihi da zai sa mu yi hattara da duk wanda ya ce gado ne kawai. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu a Ingila. Kafin ƙarshen shekarun 1950, fitaccen masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ke ba kamfanonin taba na Birtaniya shawara, ya tsaya a kan cewa wataƙila gado ɗaya ne ke sa mutum son taba yake kuma sa shi kansa, ba hayaƙin ba. Har da bayanan tagwaye ya kafa hujja. Ya yi daidai da ya ce son taba yana da alaƙa da gado, ya yi kuskure mai tsada da ya wanke hayaƙin, kuma kamfanoni sun daɗe suna fakewa da wannan shakka. Binciken da Doll ya fara a kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, ya rufe maganar: mashayi yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwa, wanda ya bari yana ɗan 30 ya kusa kuɓuta gaba ɗaya, mai 40 ya ceto kusan shekara 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ma ya ceto 3.

Inda gado da muhalli suke haɗuwa shi ne ƙuruciya, kuma nan ne Mubi ta fi buƙatar duba kanta. Bincike a 2008, wanda wani mafi girma ya tabbatar a 2012, ya nuna tasirin nau'in CHRNA5 mai haɗari ya fi ƙarfi ga waɗanda suka fara shan taba suna da shekara 16 ko ƙasa. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa ba, nikotin yana samun ta da laushi. Mubi gari ne na matasa. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga na Jami'ar Jihar Adamawa, ga yaran mota da 'yan dako da masu kora dabbobi a kasuwar shanun da ke cika manyan motoci zuwa kudu, ga masu kai da komo a hanyar Sahuda zuwa Kamaru. Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai 20. Hikimar wannan sashe a fili take. Yaro ba ya da kuɗin kwali, amma yana da kuɗin kara ɗaya. Wanda ke sayen kara ɗaya kuma ba ya ganin hoton gargaɗin da dokokin 2019 suka wajabta a jikin kwali, domin kwalin yana hannun mai tebur. Kowa ya san yadda ake sayar da sigari a tashoshinmu da wajen masu shayi. Ba mu da hanyar sanin wane yaro ne birkinsa ya yi sanyi, saboda haka kowane yaro za a kare.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar wannan ilimi game da mu. Kusan kashi huɗu cikin biyar na mutanen da ke cikin babban binciken 2022 Turawa ne, masu asalin Afirkan da ke ciki kuma yawancinsu baƙaƙen fatar Amurka ne. Nau'in CHRNA5 ɗin da ya yi suna a Turai ba safai ake samun sa a Afirka ta Yamma ba, ga shi kuma muna da masu tsananin jarabar taba, wato akwai wasu hanyoyin da gado ke bi a jikinmu. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, kuma gindin duwatsun Mandara yana cikin wuraren da al'ummomi suka fi cakuɗuwa: Gude, Fali, Nzanyi, Fulani, Margi, Kamwe, Kilba, Hausawa, suna auratayya tun kaka da kakanni. Wannan ya sa duk wanda zai ce ƙabila kaza taba a jininta take ƙarya yake, kuma ƙarya ce mai haɗari a garin da ya san ɗacin rarrabuwa. Bambancin da ke tsakanin mutum biyu 'yan ƙabila ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙabilu biyu. Akwai dai darasi ɗaya daga Amurka da ya shafe mu kai tsaye. An gano baƙaƙen fata a can suna shan sigari kaɗan idan aka kwatanta da Turawa, amma suna zuƙar nikotin mai yawa daga kowane kara, kuma haɗarin kansar huhunsu ya fi na Baturen da ke shan adadi ɗaya da su. Wani nazari a mujallar likitocin Birtaniya a 2018 ya nuna kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da kara 20 ke ɗauke da shi. Mai cewa ni ai uku kawai nake sha ya ji wannan da kyau.

To ko za mu jira a kawo gwajin gado a asibitocinmu kafin a fara yi wa mashaya magani? A'a. Gaskiya ne cewa gwaji yana iya taimakawa wajen zaɓen magani. A 2015 Caryn Lerman da Rachel Tyndale da abokan aikinsu suka gwada mashaya 1,246 a Amurka da Kanada, suka ga masu hanta mai sauri sun fi samun nasara da ƙwayar varenicline, masu jinkiri kuma filastar nikotin da ake mannawa a fata ta wadatar da su. Amma ko a ƙasashen da aka yi binciken, wannan gwaji bai zama aikin yau da kullum ba. Ma'aikacin lafiya a Gella ko Vimtim yana iya auna tsananin kamu da tambaya biyu da ba sa cin ko sisi: kara nawa kake sha a rana, kuma minti nawa bayan tashi daga barci kake kunna na farko? Wanda ke kunnawa cikin rabin awa ya kamu sosai, yana buƙatar magani. Magungunan kuwa sanannu ne. Filasta da cingam na nikotin suna ƙara damar nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, varenicline tana ninka ta fiye da sau biyu. Akwai bupropion, akwai cytisine mai araha da ake yi a Bulgeriya tun shekarun 1960. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan jinyar masu barin taba, ta amince da duka huɗun, ta kuma ce ko shawarar daƙiƙa 30 zuwa minti uku daga ma'aikacin lafiya tana da amfani in ana yin ta ga kowane majinyaci.

Saura masu cewa muna da abin da ya fi wannan gaggawa: zazzaɓin cizon sauro, mutuwar mata wajen haihuwa, yunwa, tsaro. Ba na musun ko ɗaya. Amma taba ba ta zaune a gefe ita kaɗai. Tana ƙara haɗarin tarin fuka, tana tsananta hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, hayaƙinta a ɗaki ɗaya yana kai jarirai asibiti da ciwon huhu, kuɗinta daga na cefane ake cire shi. Garin Mubi da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen Oktoban 2014, mutanensa suka watse zuwa Yola da Kamaru da kan duwatsu, yana da dalilin kula da wannan fiye da wasu, domin sananne ne a likitance cewa masu ɗauke da raunin firgici sun fi shan taba kuma sun fi wahalar bari. Ƙarancin mashaya a Nijeriya ma hujja ce ta a yi aiki yanzu. Kasuwar sigari tana raguwa a Turai da Amurka, kamfanonin kuma Afirka mai yawan matasa suke kallo. Masana'antar British American Tobacco da aka buɗe a Ibadan a 2003 ba don ado aka gina ta ba. Harajin da aka fara ɗorawa kan kowane kara a 2018 da naira ɗaya aka fara shi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin kwali.

Muna da wata dama da ƙasashen da suka yi waɗannan bincike ba su da irinta. Duk Ramadan dubban mashaya a Mubi suna yini awa 13 ko fiye ba taba, har nikotin ya kusa ƙarewa a jininsu kafin magariba, sannan da yawa su kunna sigari da an sha ruwa. Kiristocin garin ma suna da nasu azumin kafin Ista. Mutumin da ya jure yini talatin a jere ya riga ya nuna niyyar da ake cewa ba shi da ita. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa tun cikin Sha'aban yadda zai shirya, da magani a kantin da ke kusa da shi, da wanda zai tambaye shi bayan salla ina aka kwana ba tare da gori ba. Limaman Juma'a da fastocin EYN da na sauran majami'u suna iya tura mutane wajen ma'aikatan lafiya daga kan mumbari. Kwalejin Fasahar Lafiya ta Jihar Adamawa tana iya tabbatar da cewa kowane ɗalibi ya fita ya iya tambayoyin nan biyu da abin da ke biye da su. Gwamnatin Adamawa tana iya sa filasta da cingam na nikotin, waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na duniya tun 2009, a cikin abin da take saya wa ƙananan asibitoci. Ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, tare da fadar Sarkin Mubi da masu unguwanni, suna iya fara aiwatar da dokar kara-kara daga teburan da ke bakin makarantu, su kira masu teburan su yi musu bayani kafin a kai ga tara, domin yawancinsu talakawa ne da ba a taɓa gaya musu akwai dokar ba.